Ƙananan Turame: Haƙoran da Ƙaramin Yaro Ba Ya da Su

Littafin Mai Hadishi, a sura ta 12, ya kwatanta haƙoran tsoho da mata masu niƙa waɗanda suka bar aiki domin sun ragu. Kwatancin ya dace ƙwarai, gama Bahaushe ma turame yake kiran haƙoransa na can ciki. Amma tsakanin fiƙa da manyan turame akwai waɗansu haƙora guda takwas, bibbiyu a kowane gefe, sama da ƙasa. Su ne ƙananan turame. Galibinsu suna da tsini biyu, aikinsu kuwa farfasa abinci ne kafin a kai shi wurin niƙa.

Mahalicci ya siffanta waɗannan haƙora bisa ga abincin kowace dabba. Kare yana da guda 16, na huɗu a sama kuwa yakan goga da turmin farko na ƙasa kamar almakashi, da haka yake yanka nama. Na saniya da akuya guda 12 ne, masu faɗi domin niƙa ciyawa. Na mutum suna tsaka-tsaki, gama shi yana cin nama yana kuma cin tuwo.

Abin da ya fi shafar iyaye shi ne, a cikin haƙora 20 na ƙaramin yaro babu ƙananan turame ko ɗaya. Suna ɓoye a ƙarƙashin turamen yarinta, sai wajen shekara 10 zuwa 12 suke fitowa, sa'ad da yaron ya yi famfarar na yarintar. Sau da yawa iyaye sukan ga turmin yaro ya ruɓe su ce ba kome, ai zai faɗi. Wannan kuskure ne. Haƙorin nan yana tsaron fili ne domin magajinsa. Idan ya ɓace kafin lokaci, babban turmin da yakan tsiro a bayansa wajen shekara shida yana iya matsowa gaba ya cinye filin, ƙaramin turmi ya fito a karkace ko ya maƙale cikin dasashi.

Saboda haka yaro ya goge haƙora safe da dare da man goge baki mai sinadarin fuloraid, a rage masa alewa da lemon kwalba. In an ga rami ko baƙin tabo a turminsa, a kai shi wurin likitan haƙori tun ciwo bai fara hana shi barci ba.