Yadda Miji Kirista Zai Yi Jinyar Matarsa Mai Ciwon Daji

A gidajenmu, in mace ta kwanta doguwar jinya, uwarta ko ƙanwarta ake aika wa ta zo ta zauna da ita. Aikin maigida neman kuɗin magani ne da leƙowa da yamma, wai ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ciwon daji bai san wannan rabon aiki ba. Maganinsa yakan ci wata shida, wani lokaci ya haura shekara. Dangi za su zo, su yi iya ƙoƙarinsu, damina ta faɗi su koma gona, a bar mutum biyun da suka yi wa juna alkawari a gaban ikilisiya. Zan yi misali da sankarar mama, domin ita ce ta fi addabar matan Najeriya, ta bakin mahaifa tana biye da ita. Matar da ke jinyar miji ma za ta ga yawancin maganar ta shafe ta.

Aikin yana farawa ne ranar karɓar sakamakon gwaji. Kada ka bar ta ta je ita kaɗai. Wanda aka gaya wa yana da ciwon daji ba ya jin sauran bayanin likita, don haka kai ne kunnenta. Ka riƙe littafi da biro, ka tambayi matakin da ciwon ya kai, tsakanin na 1 zuwa na 4, da abin da za a fara yi, tiyata ko kemo (wato allurar maganin daji), da kimanin kuɗin kowanne. Wannan littafi zai bi ku har ƙarshe. Idan kun dawo gida, ka rage wa'azi. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma ba a same su da laifi ba sai da suka buɗe baki suna neman dalilin wahalarsa. Ka bar ta ta yi kukanta, ka riƙe hannunta. In ta yarda, ku yi addu'a ta minti ɗaya.

Sai maganar wa za a gaya wa. Jikinta ne, labarinta ne. Ku zauna ku zaɓi mutanen tare: fasto ko fada, iyaye, aminiya ɗaya ko biyu. Kada ta je sujada ta ji ana sanar da sunan ciwonta daga bagade ba da saninta ba. Yara kuwa a faɗa musu gaskiya daidai hankalinsu, don ko an ɓoye suna gani.

Daga nan ne babban aikinka zai taso, wato gadin ƙofa. Da zarar labari ya fita, masu shawara za su cika gidan. Wani zai ce jifa ne daga ƙauye. Wata za ta ce in aka bari wuƙar likita ta taɓa ƙullun, shi ke nan ya bazu. Wani ya zo da jarkar jiƙo, wani da adireshin gidan addu'a inda ake cewa a ajiye maganin asibiti domin shan sa alamar ƙarancin bangaskiya ce. Yawancinsu da zuciya ɗaya suka zo, shi ya sa hana su ke da wuya. Amma watannin da ake ɓatawa ana yawo su ne suke kai ciwon daga matakin da ake iya warkarwa zuwa wanda sai dai a lallaɓa, kuma likitocinmu sun daɗe suna kukan cewa yawancin mata sai ciwo ya yi nisa suke isowa.

Littafi Mai Tsarki bai sa ka zaɓi tsakanin addu'a da asibiti ba. Wasiƙar Yakubu, sura 5, ta umarci marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a su shafa masa mai, to ku kira su, ku yi hakan da dukan zuciya. A ɗariƙar Katolika fada ne yake shafewar marasa lafiya, kuma ba sai mutum yana bakin mutuwa ba. Amma ka tuna Sarki Hezekiya: ya yi kuka ga Allah, an ƙara masa shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Luka da ya rubuta bishara likita ne. Mai cewa zunubinta ne ya jawo, ka tuna masa da makahon nan na Yohanna sura 9, wanda Yesu ya wanke shi da iyayensa daga irin wannan zargi. Ka karɓi addu'ar kowa da godiya. Jiƙo da saiwa kuwa, babu wanda zai shiga bakinta sai likitanta ya sani, domin wasu suna wahalar da hanta da ƙoda, waɗanda kemo ya riga ya ɗora wa nauyi. In an sa azumi dominta, kai ka yi, ikilisiya ta yi. Ita ta ci abinci.

Kuɗi kuma, kada kunya ta kashe ku. A 2021 gwamnatin tarayya ta fara wani asusu na tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta furostet, kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da asibitin koyarwa na tarayya a Gombe, da Asibitin Ƙasa na Abuja suna cikin inda aka fara. Ka tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitinku yadda ake shiga. Ka bar ikilisiya ta yi baiko na musamman. Zumuntar Mata kuwa, in suka ce mene ne za su yi, kada ka ce musu "babu komai, addu'a kawai". Ka ce girkin ranar Talata, kai yara makaranta, wanki. Gashi, wato ƙona ciwon da na'ura, ba kowane asibiti ke yinsa ba, ana yinsa Litinin zuwa Juma'a na makonni, saboda haka ka nemi masauki tun da wuri, kuma ka buga waya ka tabbatar na'urar tana aiki kafin ku kama hanya.

Kemo yawanci bayan kowane mako uku ake sa shi, zagaye shida ko takwas, kuma kafin kowane zagaye sai an auna jini. Kwanakin farko tashin zuciya ne da kasala. Ka ba ta maganin amai a kan lokacin da aka rubuta, kada ka jira aman ya fara. Abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa: kunu, fate, ƙwai, romo, da ruwa mai tsabta. Ƙamshin suya ma yana iya tayar mata da zuciya, a matsar da murhu nesa da ɗakinta. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan allurar ne garkuwar jiki take faɗuwa ƙasa. Ka sayi ma'aunin zafin jiki. In ya nuna 38 ko sama, ko da tsakar dare ne, asibiti za ku nufa. Kada ka ce zazzaɓin cizon sauro ne ka tafi kemis. A waɗannan kwanaki a rage masu dubiya, mai mura ya gaishe ta ta waya. In ba za ta iya shiga cunkoson sujada ba, ka roƙi fasto ya kawo mata Jibin Ubangiji gida. Gashin kanta zai fara zuba mako biyu ko uku bayan zagayen farko. Ka tanadi ɗankwali masu kyau, ka kuma gaya mata zai sake tsirowa bayan an gama, domin haka ne.

Addu'ar wannan lokaci a yanka ta daidai ƙarfinta. Macen da ke fama da amai ba ta bukatar a tsaya a kanta awa biyu ana ɗaga murya. Ka tambaye ta, "Maman yara, me kike so mu roƙa yau?" Wata rana za ta ce barci kawai. Ku roƙi barcin. Ka karanta mata zabura guda, ko ka rera mata waƙar da take so a hankali. Ranar da ta ce ta gaji, ko tana fushi da Allah, kada ka tsawata mata. Zabura 88 kuka ce daga farko har ƙarshe, ba ta rufe da murna ba, kuma an bar ta a cikin Littafin. Yesu kansa a Getsamani ya roƙi a ɗauke masa wahalar da ke gabansa. Abin da na fi ƙi shi ne a riƙa tilasta wa marar lafiya fara'a don a kwantar da hankalin masu lafiya.

Idan an cire maman, akwai tambayar da ba za ta furta ba, amma tana kallon fuskarka tana neman amsarta. Ka dubi tabon, ka taimaka da wankin wurin yadda nas ta nuna, ka sa ta motsa hannun wannan gefen kamar yadda aka koya mata, ka kula ko yana kumbura. Kada ka ƙaura daga ɗakin. Ciwon daji ba ya yaɗuwa ta kwanciya ko cin abinci a kwano ɗaya. Sai dai ɗaukar ciki lokacin kemo haɗari ne, ku tambayi likita hanyar da ta dace. Duk ɗan'uwanka da ya yi mata habaici, kai za ka tare shi, ba ita ba.

Kai ma mutum ne. Ka samu dattijo ɗaya ko aboki da za ka faɗa wa tsoronka ba tare da ya yi maka wa'azi ba, ka yarda wani ya karɓe ka kwana ɗaya a mako ka yi barci.

Wani lokaci likita zai ce ciwon ya wuce warkarwa. Wannan ba shaidar addu'arku ta gaza ba ce; Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayarsa, ba a cire ba. Jinya ba ta ƙare ba, ta sauya ne. Ka nemi sashen rage raɗaɗi, kada ka ji tsoron maganin raɗaɗi na mofin in an rubuta, ka bar ta ta faɗi abin da take so game da yara da kayanta tun tana da ƙarfin magana.

In kuwa an gama magani lafiya, ku yi godiya a ikilisiya, ita ta zaɓi abin da za a faɗa a shaidar. Amma rawar godiya ba ta soke katin asibiti. Wasu matan za a ɗora su kan ƙwayar tamoxifen shekara 5 zuwa 10, kuma za a riƙa kiranta dubawa bayan 'yan watanni a shekarun farko. Ka rubuta ranakun a littafin nan naka, ka raka ta. Ka kuma tambayi likita ko ya kamata 'yan'uwanta mata da 'ya'yanku mata su fara zuwa gwaji da wuri.