Darasin lafiya: damuwa da dubarun kwantar da hankali

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, darasinmu na yau a kan damuwa ne. Ba ta fidda jini, ba ta kumbura, amma tana kada ƙato.

Mene ne damuwa?

Mutanen Damagaram sun san wahala. An yi fari a 1973 da 1984, an yi ƙarancin abinci a 2005. Ko a shekara mai albarka, akwai abin da ke hana mutum barci: rumbu ya yi ƙasa tun kafin damina, ga bashi, ga yaro ya tafi bida Libiya ko Aljeriya ba labari.

In mutum ya tsorata, jiki yana sakin wasu sinadarai cikin jini. Zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya gajarce, jijiyoyi su ɗaure. Wannan shiri ne na gudu ko na faɗa, kuma yana da amfani ranar da ka haɗu da maciji a gona. Amma bashi ba maciji ba ne, ba a tsere masa da ƙafa. In jiki ya zauna a ɗaure wata da watanni, sai ciwon kai, da rashin barci, da saurin fushi, da ɓacin ciki. Yana kuma ƙara wa hawan jini ƙarfi.

Wani magani na baki

Akwai wata dubara da lokotoro suke kira ipnoz. Wani likitan fiɗa a Ingila, James Braid, ya rubuta littafi a kanta a 1843. Ba tsafi ba ne, ba bori ba ne, ba barci ba ne kuma. Gwanin yana yi wa mutum magana a hankali, har hankalinsa ya taru wuri guda, jikinsa ya saki. Sa'an nan ya faɗa masa kalmomi masu rage tsoro da zafi. Mutum yana ji, yana sane, in ya so tashi sai ya tashi.

A babban asibitin Liyej, ƙasar Beljik, tun 1992 ana yi wa wasu fiɗa da wannan dubara tare da allurar kashe zafin wurin, ba tare da an sa su dogon barci ba. Amma ba ta kama kowa daidai, kuma ba ta maye gurbin magani. Wanda ya zo kasuwa ya ce zai cire maka damuwa da ita in ka ba shi jika biyar, riƙe kuɗinka.

Abin da za ka iya yi da kanka

1. Nemi inuwa, wurin da ba hayaniya. Zauna, ka rufe ido.
2. Ja numfashi ta hanci, kana ƙirga 1 zuwa 4. Sake shi sannu, kana ƙirga 1 zuwa 6. Yi haka sau 10.
3. Saki jikinka gaɓa gaɓa: ƙafa, ciki, kafaɗa, wuya, fuska.
4. Kawo wa ranka wurin da kake so, kamar gonarka bayan ruwan sama. In tunanin bashi ya dawo, kada ka yi kokawa da shi, koma ga numfashi.
5. Faɗa wa kanka magana guda ta gaskiya: "Na wuce wadda ta fi wannan." Sa'an nan buɗe ido.

Minti 10 sun isa. A yi kullum, don rana ɗaya ba ta nuna amfani.

Ƙirga ƙarfinka

Mai damuwa abin da ya rasa kawai yake gani. To, mu duba abin da muke da shi. Bayan farin 1984, manoman Magarya, Matamai da Mirya sun riƙa barin ƴaƴan gawo suna girma a gonakinsu. Ƙasar da ta yi fako ta sake samun itatuwa. Da hannunsu da haƙurinsu suka yi.

Kai ma kana da naka. Wani ya iya saƙar tabarma, wata ta iya tuyar ƙuli-ƙuli, wani ya iya sasanta mutane. Ɗauki allonka, ka rubuta abu 3 da ka iya, da sunan mutum 2 da za ka iya faɗa wa cikinka. Sa'an nan raba damuwarka kashi biyu: wadda ke hannunka, da wadda ba ta hannunka. Saukar ruwa ba ya hannunka. Gyaran gona, shiga asusu, da zuwa wurin mai bashi a yanka lokacin biya, suna hannunka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yaushe za a je likita?

In an yi sati 2 ba barci, ba cin abinci, ko ciwon kai ya ƙi tafiya, a je likita a auna jini. In mutum ya fara cewa gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ran nan. In abin ya fi ƙarfin majiya, zai tura shi babban asibitin Damagaram. Wannan ba abin kunya ba ne. Tramol da sauran ƙwayoyin tebur kuwa, ƙara ciwon suke yi.

Tambayoyi don mahawara

1. Waɗanne alamu ne ke nuna damuwa ta yi yawa?
2. Wace damuwa ce ke hannunmu a garin nan?
3. Wa ka sani da ya daina fitowa hira? Yaushe za ka je gaishe shi?