Ɗalibin Darasin Gwamnati: Abin Yi da Abin Bari

Wannan jan kunne ne ga ’yan aji huɗu zuwa shida na sakandare a Gwadabawa da sauran unguwannin Jimeta, waɗanda suka ɗauki darasin Gwamnati. Da yawanku kun ɗauke shi ne don kun ji an ce babu lissafi a ciki. To, wanda ya shigo da wannan niyya, WAEC da NECO za su nuna masa iyakarsa.

ABIN YI

1. Fara daga ƙofar gidanku. Gwadabawa mazaɓa ce cikin goma sha ɗaya na ƙaramar hukumar Yola ta Arewa. Ka san kansilanku da aikinsa. Ka san Adamawa na da ƙananan hukumomi 21, kujeru 25 a majalisar dokokin jiha, da sanatoci uku. Wanda bai san wannan ba, me ya kai shi Majalisar Ɗinkin Duniya?

2. Riƙe jerin tsare-tsaren mulki kamar karatun allo: Clifford 1922, Richards 1946, Macpherson 1951, Lyttelton 1954, sai 1960, 1963, 1979 da 1999. Kowanne ka rubuta abin da ya kawo, da aibin da ya sa aka sauya shi. Shekara ba bayani, tuwo ne ba miya.

3. Ɗauko misali daga ƙasarku. In an tambayi mulkin Turawa ta hannun sarakuna, ga fadar Lamiɗo a Yola, wadda Turawa suka ci da yaƙi a 1901 zamanin Lamiɗo Zubairu. In ƙuri’ar raba gardama ce, ga ta 1961, wadda ta shigo da su Mubi da Ganye cikin Nijeriya. In ƙirƙirar jihohi ce, Gongola ta zo a 1976, aka raba ta Adamawa da Taraba a 1991.

4. Karanta kundin 1999 da idonka, ko da babi na huɗu ne kawai, na ’yancin ɗan ƙasa.

5. Zauna da tsofaffin tambayoyi, agogo a gefe. Kowane batu layinsa daban, da bayani, da misali.

ABIN BARI

1. Kada ka kai hirar teburin mai shayi ɗakin jarrabawa. “Ai duk ɓarayi ne” ba amsa ba ce. Mai maki hujja yake nema.

2. Kada ka shiga aji da hular jam’iyya. An ce ka kwatanta NPC da NEPU, ba a ce ka faɗi wadda kakanka ya bi ba. Ka ba Sardauna haƙƙinsa, ka ba Malam Aminu Kano nasa.

3. Kada ka cakuɗa ayyuka. A zaɓen gwamna na Afrilu 2023, nan garin, kwamishinan zaɓe na jiha ya sanar da sakamako, hukumar INEC ta soke sanarwar, domin aikin baturen zaɓe ne ba nasa ba. Wa doka ta ba iko? Rabin darasin nan ke nan.

4. Kada WhatsApp ya zama malaminka. Labarin da ba ka san tushensa ba, bar shi inda ka gan shi.

5. Kada ka raina Turanci. Da shi za ka amsa, kuma ba kiredit ɗinsa, ba shiga Jami’ar Modibbo Adama.

6. Kada ka sayi amsa. Wanda ya saci jarrabawar Gwamnati, ranar da aka ba shi akwatin zaɓe ba sai an tambaya ba.

7. Kada ka yarda a ɗauke ka bangar siyasa da kuɗin kati. Shekara 18 ta ba ka ƙuri’a. Tun 2018, shekara 25 ta isa takarar majalisar jiha. Mai iya zama a kujerar, me zai sa ya rataye a bayan motar kamfen yana ihu?