AMFANI DA ILLOLIN YARJEJENIYAR CINIKI: DARASI DAGA MAROKO DA AMURKA

Gabatarwa

Babu ƙasar da Allah ya ba ta kome da kome. Wata tana da man fetur ba ta da alkama, wata kuwa tana da alkama ba ta da ƙarfe. Dalili ke nan da ya sa ƙasashe suke ciniki da juna, kamar yadda manomi yake kai hatsi kasuwa ya sayo gishiri da kananzir. Amma kayan da za su ƙetare iyakar ƙasa sai an biya musu kuɗin fito, wato harajin kwastan. Idan ƙasashe biyu suka zauna suka shirya cewa kowace za ta rage wa 'yar'uwarta wannan haraji, ko ta soke shi gaba ɗaya, shi ake kira yarjejeniyar ciniki.

A wannan darasi za mu ɗauki misali guda mu duba shi da kyau, wato yarjejeniyar da ke tsakanin Maroko da Amurka. Mun zaɓe ta ne domin ita kaɗai ce cikakkiyar yarjejeniyar ciniki marar shinge da Amurka ta ƙulla da wata ƙasar Afirka, kuma ta daɗe tana aiki har an ga 'ya'yan da ta haifa. Tambayar da za mu riƙe a zuci ita ce: idan babba da ƙarami suka buɗe wa juna ƙofa, wa yake cin riba?

Tarihin yarjejeniyar a taƙaice

Zumuncin ƙasashen nan biyu ba na yau ba ne. Tun a 1777 Sarkin Maroko ya buɗe tashoshinsa ga jiragen ruwan Amurka, a 1786 kuma suka ƙulla alkawarin zaman lafiya da abuta. Tattaunawar wannan sabuwar yarjejeniya ta fara a 2003, zamanin Shugaba Bush ƙarami da Sarki Muhammad na 6. Aka sa mata hannu ran 15 ga Yuni, 2004, ta soma aiki ran 1 ga Janairu, 2006.

Ya kamata mu lura da bambancin ƙarfin ƙasashen. Mutanen Maroko wajen miliyan 37 ne, na Amurka kuwa sun kai miliyan 340. Tattalin arzikin Amurka ya ninka na Maroko fiye da sau 150. Kafin yarjejeniyar, kayan Amurka da ke shiga Maroko ana caje su harajin da ya haura kashi 20 cikin ɗari idan an kwatanta, alhali kayan Maroko da ke shiga Amurka wajen kashi 4 kawai suke biya. Ashe katangar Maroko ta fi tsawo nesa ba kusa ba, saboda haka da aka rushe katangun biyu, ita ce ta fi sadaukarwa.

Yadda take aiki

Daga ranar farko an soke haraji a kan kusan kashi 95 cikin ɗari na kayan masana'antu da na masarufi da ƙasashen suke sayar wa juna. Alal misali, a ce wani ɗan kasuwa a Kasablanka ya sayo injin ban ruwa na dala 10,000 daga Amurka. A da, idan harajin kashi 20 ne, sai ya ƙara dala 2,000 kafin injin ya fita daga tashar jiragen ruwa. Bayan yarjejeniyar ya huta da wannan ƙari.

Amfanin gona kuwa ba a sake shi gaba ɗaya ba. An shirya a riƙa rage harajinsa kaɗan kaɗan cikin shekaru masu yawa, na wasu kaya kamar naman kaji har fiye da shekara 20.

Akwai kuma ƙa'idar asalin kaya. Ba kowane abin da ya taso daga Maroko ne zai shiga Amurka ba haraji ba. Ga yawancin kaya, dole ne aƙalla kashi 35 cikin ɗari na darajarsu ya zama a cikin ƙasashen biyu aka samar da shi. An yi haka don kada wata ƙasa ta uku ta sauke kayanta a Maroko, a canja musu kwali kawai, a wuce da su.

Amfanin da aka samu

Na farko, ciniki ya bunƙasa. A 2005 Maroko ta sayar wa Amurka kaya na dala miliyan 446. A 2024 abin ya kai wajen dala biliyan 1.9, wato ya ninka fiye da sau 4. Cikin kayan akwai takin zamani, da tufafi, da lemo, da zaitun, da kifin gwangwani, da kayan lantarki. Bayan kowane ɗaya daga cikinsu akwai ma'aikata da iyalan da suke ci daga gare shi.

Na biyu, kayan aiki sun yi sauƙi. Masu kiwon kaji da shanu a Maroko suna dogara ƙwarai ga masara da dusar waken suya da ake shigowa da su daga waje. Rage haraji a kansu ya rage tsadar abincin dabbobi. Haka nan injuna da kayan gyaransu.

Na uku, ta jawo masu zuba jari. Da yarjejeniyar ta soma aiki, kamfanin da ya kafa masana'anta a Maroko ya sami damar sayar wa Amurka ba haraji, yana kuma iya sayar wa Turai, gama Maroko tana da wata yarjejeniya da Tarayyar Turai wadda ta soma aiki a 2000. Ga kuma babbar tashar jiragen ruwa ta kusa da Tanja da aka buɗe a 2007. Da Amurka ta kafa doka a 2022 mai ba da rangwame ga masu sayen motocin lantarki, ta kuma fifita ma'adinan batir da suka fito daga ƙasashen da ke da irin wannan yarjejeniya da ita, sai kamfanonin batir na ƙasar Sin suka yi ta sanar da shirin kafa masana'antu a Maroko.

Na huɗu, Maroko ta yi dabarar kare manomanta a kan alkama. Alkama ita ce abincin yau da kullum a ƙasar, noma kuwa yana ɗauke da wajen kashi 30 cikin ɗari na masu aiki. Saboda haka aka ƙayyade yawan alkamar burodi ta Amurka da za ta shiga da rangwamen haraji, aka kuma ɗaure wannan adadi da albarkar damina. Shekarar da gonakin Maroko suka yi kyau, adadin ya ragu. Shekarar fari kuwa, ya ƙaru. Wannan ya nuna mana cewa ƙaramar ƙasa ma tana iya tsayawa a kan abin da ya shafi cikin talakawanta, in dai wakilanta sun san abin da suke nema.

Illolin da suka biyo baya

Illa ta farko ita ce giɓin ciniki. A 2005 Amurka ta sayar wa Maroko kaya na dala miliyan 481, ta sayi na miliyan 446. Bambancin dala miliyan 35 ne kacal, kusan kunnen doki ke nan. A 2024 kuwa Amurka ta sayar da na wajen dala biliyan 5.3, ta sayi na biliyan 1.9, giɓin ya zama biliyan 3.4. Wato yayin da kayan Maroko suka ninka sau 4, na Amurka sun ninka sau 11. Gaskiya ne cewa da yawa daga cikin abin da Maroko take saye, kamar mai, da kwal, da jiragen sama, da ma dole ta saye su a wani wuri. Duk da haka lissafin ya nuna wanda ya fi cin moriyar buɗe ƙofar. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi: Amurka ta shigo da masana'antu a shirye, Maroko kuwa tana kan gina nata.

Illa ta biyu tana cikin ƙananan sharuɗɗa. An yi zaton ɗinkin tufafi ne zai fi kowa samu, amma ƙa'idar da aka sa masa mai tsanani ce. Kafin riga ta shiga Amurka ba haraji, dole ne zarenta da yadinta su zama na Maroko ko na Amurka. Masana'antun ɗinki na Maroko kuwa yawanci daga Turai da Asiya suke sayo yadi. An yi musu sassauci na shekara 10, wanda ya riƙa raguwa har ya ƙare. Ƙofa a buɗe take, amma da yawa ba su da tikitin shiga.

Illa ta uku ta shafi magani. Kamfanin da ya ƙirƙiro sabon magani yakan miƙa wa hukuma sakamakon gwaje-gwajensa kafin a ba shi izinin sayarwa. Yarjejeniyar ta hana wani kamfani dogara da wannan sakamako har tsawon shekara 5 don ya fito da irin maganin mai araha. Wannan ya amfani manyan kamfanonin magani, amma yana iya jinkirta saukar farashi ga marar lafiya talaka. Saboda wannan batu, a farkon 2004 ƙungiyoyin kare marasa lafiya da wasu 'yan ƙasa suka yi zanga-zanga a Rabat tun ba a sa hannu ba.

Illa ta huɗu ita ce, soke haraji ba ya kawar da sauran shingaye. A 2016 Amurka ta dakatar da shigo da lemo daga wani yankin Maroko bayan an ga tsutsar ƙudan da ke ɓata 'ya'yan itatuwa a cikin wasu kaya. Ita ma Maroko sai a 2018 ta yarda naman kaji da na shanu na Amurka su shiga, bayan an daidaita a kan takardun lafiyar dabbobi.

Illa ta biyar ita ce mafi nauyi. Maroko tana da wajen kashi 70 cikin ɗari na dutsen fosfat da aka sani a duniya, wanda da shi ake yin takin zamani, kamfanin gwamnati na OCP ne kuma yake haƙar sa. A nan ne Maroko ta fi ƙarfi. Amma a 2020 wani kamfanin taki na Amurka mai suna Mosaic ya kai ƙara cewa gwamnatin Maroko tana tallafa wa OCP. A 2021 Amurka ta ɗora wa takin Maroko harajin kusan kashi 20 cikin ɗari, har manoman masara na Amurka su da kansu suka koka da tsadar taki. Sa'an nan a Afrilun 2025 gwamnatin Shugaba Trump ta ɗora harajin kashi 10 a kan kayan yawancin ƙasashen duniya, ba ta tsame Maroko ba. Rangwamen motocin lantarkin nan da muka ambata shi ma an kawo ƙarshensa a Satumban 2025. Ashe takarda ba ta ɗaure babba kamar yadda take ɗaure ƙarami.

Abin da za mu koya

Idan muka ɗora amfani da illa a kan ma'auni, ba za mu ce yarjejeniyar nan ta cuci Maroko ɗungum ba, ba za mu kuma ce ta azurta ta ba. Abin da ya fito fili shi ne, yarjejeniya buɗe kasuwa kawai take yi, ba ta ba ka kayan da za ka kasa. Wanda ya zo da kaya masu kyau da araha shi zai koma gida da riba. Wanda ya zo hannu wofi kuwa, mai saye zai zama.

Saboda haka kafin ƙasa ta sa hannu, ya kamata ta tambayi kanta abu huɗu. Me muke da shi da za mu sayar? Waɗanne mutanenmu ne za su rasa sana'a, me kuma muka tanadar musu? Mun karanta ƙananan sharuɗɗan da kyau? Idan abokin cinikinmu ya juya baya, muna da wata kasuwa? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka tun kafin a karɓi ladan ake duba kan.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. A Yulin 2019, a birnin Yamai, Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki marar shinge ta nahiyar Afirka, wadda Maroko ma tana ciki. Idan ba mu gyara wutar lantarki da hanyoyi ba, muka kuma ci gaba da sayar da fata da riɗi da citta ɗanyu ba tare da mun sarrafa su ba, to, buɗe iyaka zai fi amfanar masana'antun wasu. Ku ɗalibai na yau, daga cikinku ne za a sami manoma, da masu masana'antu, da jami'an kwastan, da wakilan da za su zauna a teburin shawara gobe. Lissafi da nazarin tattalin arziki da kuke koyo yanzu, su ne makamanku a wannan tebur. Allah ya ba ku hikima da riƙon amana.

Tambayoyi don nazari

1. Mece ce yarjejeniyar ciniki, me kuma ya sa ƙasashe suke ƙulla ta?
2. Bayyana ƙa'idar asalin kaya, da yadda ta shafi masu ɗinkin tufafi a Maroko.
3. Lissafta giɓin cinikin Maroko da Amurka a 2005 da kuma 2024. Sau nawa ya ninka?
4. Wace dabara Maroko ta yi don kare manoman alkama? Wane amfanin gona ne ya cancanci irin wannan kariya a jiharku?
5. Ku tattauna a aji: ya fi wa ƙaramar ƙasa ta yi yarjejeniya da babbar ƙasa ita kaɗai, ko ta haɗa kai da maƙwabtanta tukuna?