Nisan Kano Da Jidda Ta Jirgin Sama

A ƙauyukanmu na ƙasar Dambatta, idan ka tambayi dattijo nisan Makka, sai ya ƙidaya maka shekaru. Idan kuwa alhajin bana ka tambaya, zai ce ai tsakanin azahar da magariba ne. Dukkansu gaskiya suka faɗa, amma lokaci suka ba ka, ba nisa ba. Ni so nake in nuna wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu yadda ake auna nisan kansa.

Ga yadda muke yi a darasin labarin ƙasa. Ka sami taswirar duniya mai siffar ƙwallo, ka ɗora bakin zare a kan Kano, ka ja shi ya miƙe sosai har Jidda. Sa'an nan ka ɗauke zaren, ka shimfiɗa shi a kan layin da ya raba duniya biyu, ka ƙirga digiri nawa ya ci. Za ka sami kamar 31. Kewayen duniya kilomita 40,000 ne, an kasa shi digiri 360, watau kowane digiri kilomita 111 ke nan. To, 31 sau 111 ya ba mu kilomita 3,400 da 'yan kai. Kada ka auna da rula a kan taswirar da ke bangon aji, domin shimfiɗaɗɗiya ce, duniya kuwa a dunƙule take.

Wannan nisa ba abin wasa ba ne. Mai tafiyar ƙasa da ke cin kilomita 30 kullum, ba hutu ba ciwo, sai ya kusa wata huɗu. Kakanninmu kuwa ba su da miƙaƙƙiyar hanya. Sukan bi ta Barno, su ratsa Cadi da Darfur, su kai bakin Bahar Maliya, su jira jirgin ruwa. Guzuri yakan ƙare, sai a tsaya a yi noma ko ƙwadago, damina ɗaya, damina biyu. Wasu ba su dawo ba har abada, shi ya sa har gobe akwai Hausawa masu yawa a Sudan, musamman a garin Mai Wurno.

Jirgin sama ya fara sauka a Kano a shekarar 1925. Jirgin alhazai na zamani yana cin wajen kilomita 800 a awa ɗaya, saboda haka daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa Jidda awa huɗu da rabi ne ko biyar. Sai dai agogon Saudiyya ya riga namu da awa biyu. Wanda ya tashi da ƙarfe 12 na rana, ya sauka agogonsa na nuna 4:30, to a can ƙarfe 6:30 ne. Ku gaya wa maniyyatan gidanku wannan, don kada lokacin salla ya rikice musu.

Amma fa jirgi ba kullum yake bin layin zarenmu ba. Layin ya ratsa ta saman Cadi da Sudan ne. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazai suka riƙa zagaye. Tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, kamfanonin jirage suka nemi ƙarin kuɗi. Manomin da ya yi shekaru yana tara kuɗin gyaɗa da gero don kujerar Makka, shi ma abin ya taɓa aljihunsa.