Darasin Turanci: Bambancin “Ya Yi” da “An Yi Masa”

’Yan’uwa cikin Almasihu, musamman malaman katekizim, sakatarorin Ikilisiya da ɗalibanmu masu shirin jarrabawar WAEC, darasinmu na wannan wata ya shafi wani ginin jimla wanda da wuya mutum ya karanta shafi guda na Turanci bai ci karo da shi ba. Littattafan nahawun Turanci suna kiransa “passive voice”. Mu a nan za mu kira shi jimla mai sa karɓau a gaba, wato jimlar da ke farawa da wanda aiki ya faɗa wa, maimakon wanda ya aikata.

Idan muka ce “The boy rang the bell”, ma’anarsa yaro ya kaɗa ƙararrawa. Idan kuwa muka ce “The bell was rung”, ƙararrawar ce ta dawo gaba, mai kaɗawa ya ɓace. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tunani, domin cewa zai yi: an kaɗa ƙararrawa. Saboda haka ƴar kalmar nan “an”, da ’yan’uwanta “aka”, “ana” da “za a”, su ne mabuɗin darasin.

Ginin yana da ƙafa biyu. Ta farko ɗaya ce daga cikin siffofin aikatau “be”, kuma ita ke nuna lokaci: “is read”, ana karantawa, “was read”, an karanta, “will be read”, za a karanta, “has been read”, an riga an karanta. Ta biyu ita ce siffa ta uku ta aikatau. A yawancin kalmomi tana ƙarewa da “ed”, kamar “baptised” da “called”, amma akwai masu taurin kai waɗanda sai an haddace su: “write, wrote, written”, “give, gave, given”, “take, took, taken”. Waɗanda suka yi Latin a seminari za su tuna cewa can ƙarshen kalma ake sauyawa: “baptizo”, ina yin baftisma, “baptizor”, ana yi mini baftisma. Turanci ba ya haka, sai ya aro wata kalma ta taimaka masa.

To, a kan wannan kalma mai taimako ne mutanenmu suka fi tuntuɓe, kuma kuskuren ba ƙarami ba ne. Sau da yawa wasiƙa takan iso ofishin Ikilisiya daga mai neman takardar shaidar baftisma domin zai yi aure, ya rubuta: “I baptised in 1985.” A kunnen mai jin Turanci, wannan mutum cewa ya yi shi ne ya yi wa wani baftisma a shekarar 1985, alhali a lokacin jariri ne a bayan uwarsa. Abin da yake nufi shi ne “I was baptised in 1985.” Kalmar “was” mai harafi uku ita ce ta raba Fada da jaririn da aka kawo masa. Haka nan “I born in Kafanchan” ba Turanci ba ne. Sai dai “I was born in Kafanchan”, an haife ni a Kafanchan. Ɗalibin da ya rubuta “I punished” yana nufin an hore shi, ya mai da kansa mai horo. Kafin ka sa hannu a takarda, ka tambayi kanka da Hausa: na yi ne, ko an yi mini? In an yi maka ne, to, kada jimlar ta rasa “was”.

Amma mabuɗin nan ba kowace ƙofa yake buɗewa ba. Hausa takan sa “an” har ga aikin da ba shi da karɓau: an zo, an tashi, an yi ruwa. Turanci bai yarda da haka ba. Aikatau irin su “die”, “arrive” da “happen” ba sa faɗa wa kowa, don haka ba sa shiga wannan gini. Sanarwar rasuwa mai cewa “He was died on Monday” kuskure ce, ko da an buga ta da kyakkyawan rubutu. Daidai shi ne “He died on Monday and was buried on Friday.” A lura da yadda jimla ɗaya ta ɗauki ginin biyu, kamar dai yadda muke cewa ya rasu ran Litinin, aka binne shi ran Juma’a. Gwaji mai sauƙi shi ne a ƙara “shi” bayan aikatau na Hausa. “An binne shi” ya zauna. “An rasu shi” bai zauna ba.

Akwai kuma abin da Turanci ke iyawa wanda “an” ba ta iyawa, wato ambaton mai aikin a ƙarshe da kalmar “by”: “The child was baptised by the deacon.” Mu sai mu juya jimlar mu ce, dikon ne ya yi wa yaron baftisma. Wannan yana da amfani ga masu riƙe littattafan Ikilisiya, domin doka ta 877 a Kundin Dokokin Ikilisiya na 1983 ta umarci a rubuta sunan wanda aka yi wa baftisma, da na wanda ya yi masa, da na iyaye da masu tsaya masa, da wuri da ranar baftismar. A irin wannan takarda ba a barin mai aiki a ɓoye.

A wasu wurare kuwa ɓoye shi daidai ne: in ba a san shi ba, kamar “My bicycle was stolen”, ko in kowa ya san shi, kamar “Mass is celebrated at six.” Sai dai mun lura cewa rahotannin kwamitoci suna son wannan gini fiye da kima, musamman in magana ta zo kan kuɗi. “The receipts were lost”, an ɓatar da rasidai. Nahawu ba shi da abin cewa a kan wannan jimla, amma jama’ar da suka ba da baikonsu suna da ikon tambaya: wa ya ɓatar? A ganinmu ma’ajin da ya rubuta “I lost the receipts” ya fi rubuta Turanci mai kyau, ya kuma fi cancanta a sake zaɓensa.

Ga aikin gida. A mai da waɗannan zuwa Turanci: an ba ni littafi, za a ɗaura auren ran Asabar, ana gyaran rufin majami’a, an yi haɗari a hanyar Zariya, Bishof ne ya buɗe makarantar. Ɗaya daga cikinsu ba ta shiga ginin da muka koya. A kai amsoshi ga malamin katekizim, za mu kawo gyaransu a fitowa ta gaba in Allah ya yarda.