Jan Baki da Baiwar Allah: A San Mai Laifi Kafin a Yi Kisa

A ƙasar Bagudo, tun daga Lolo da Illo wajen iyakar Jamhuriyar Benin, manoman shinkafa na bakin Kwara sun san tsuntsaye biyu ƙanana masu jan baki. Ɗaya ɓarawo ne, ɗaya kuwa baƙuwar gida ce. Wajibi ne manomi ya iya rarrabe su.

Na farko shi ne jan baki. Jikinsa ƙasa-ƙasa ne, namijin kuwa fuskarsa takan yi baƙi lokacin hayayyafa. Ba ya tafiya sai cikin runduna, kamar hayaƙi. Yakan kwana cikin dogayen ciyayi na bakin ruwa da na tsibirai, da asuba ya faɗa wa gonaki. Kowane ɗaya yana cin wajen giram 10 na hatsi a yini, watau rundunar miliyan 2 tana iya cinye tan 20 kafin rana ta faɗi.

Ta biyu ita ce baiwar Allah. Ba ta kai jan baki girma ba. Namijin ja ne jawur, macen ƙasa-ƙasa. Bibbiyu suke yawo, ko 'yan kaɗan. Takan yi sheƙa a jinkar ɗaki, abincinta 'ya'yan ciyawa ne da tsabar da ta zube a tsakar gida. Ba ta tauye wa kowa rumbu.

To, ga inda matsala take. Gubar da jirgin sama ke fesa wa jan baki a makwancinsa ba ta zaɓe. Tana kashe sauran ƙananan tsuntsaye, har da masu cin ƙwarin gona, ta kashe shahon da ya ci mushensu. A 1958 ƙasar Sin ta ɗaura yaƙi da gwara, sai ƙwari suka yi yawa suka ɓata amfanin gona, tilas aka dakatar a 1960.

Saboda haka, maƙwabtan gona su yi shuka tare, su yi girbi tare, kuma da wuri. A tsare gona da majajjawa da gwangwanaye. Wanda ya gano makwancin jan baki ya gaya wa malamin gona. Kada kowa ya ci ko ya sayar da tsuntsun da guba ta kashe. A kuma hana yara harbin baiwar Allah, gama ba ta ci wa kowa kome ba.